DUNIYAR KIMIYYA: Ba Da Wutar Lantarki Ba Waya A Ƙarƙashin Teku

Duk masuncin da ya daɗe yana su a kogin Kwara, ko Binuwai, ko tafkin Cadi, ya san minjirya, kuma wanda ya taɓa kama ta da hannu sau ɗaya ba ya bukatar a sake yi masa gargaɗi. Da zarar ya taɓa jikinta sai ya ji wani abu ya fizge shi, hannu ya mutu har kafaɗa. Masana sun auna wutar da babbar minjirya take saki, sun tarar takan kai volt 300 ko fiye, watau ta ɗara ƙarfin wutar da ake ba gidaje a Nijeriya, wadda take wajen volt 230. Da wannan wuta take sumar da ƙananan kifaye kafin ta haɗiye su, ba waya, ba soket.

To, abin da Allah ya hore wa wannan kifi, shi ne injiniyoyi suka daɗe suna neman hanyarsa, watau yadda za a miƙa wutar lantarki daga wannan abu zuwa wancan a cikin ruwa, ba tare da an haɗa ƙarfe da ƙarfe ba. Sai dai dabarar minjirya ba ta yi musu ba, domin ita watsa wutarta take yi cikin ruwa ta kowace fuska, kuma cikin ƙiftawar ido ta ƙare. Su kuwa so suke wutar ta tafi wuri guda, ta yi awoyi tana shiga batir, ba tare da ta salwanta a hanya ba. Yau an kai ga biyan wannan bukata, amma tazarar da wutar take tsallakewa ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. Bayanin da ke tafe zai nuna cewa wannan 'yar tazara ita ce dukan maganar.

Batir Ne Dabaibayi

Ɗan Adam ba ya iya nisa a cikin teku. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin ruwa yakan ƙaru da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mutum a doron ƙasa, saboda haka a zurfin mita 1,000 nauyin ya ninka sau ɗari. Ƙwararrun masu nutso na kamfanonin mai ba su cika wuce mita 300 ba, kuma a shekarar 1988 ne masu nutso na kamfanin Comex na Faransa suka kai mita 534 a Bahar Rum, aka yi ta ba da labari a duniya. Abin da ya wuce haka kuwa sai na'ura.

Na'urorin nan iri biyu ne. Akwai masu igiya, waɗanda ake zura su daga babban jirgin ruwa, wuta da umarni suna bin igiyar suna isa gare su. Akwai kuma marasa igiya, watau ƙananan jiragen ƙarƙashin teku marasa matuƙi, masu tafiya da batir, su bi hanyar da aka tsara musu a kwamfuta, su ɗauki hoton ƙasan teku su dawo. Irin waɗannan ne suka gano tarkacen jirgin saman Air France mai lamba 447, wanda ya faɗa Tekun Atlantika ran 1 ga Yuni 2009 a kan hanyarsa daga Rio de Janeiro zuwa Paris da mutum 228. An yi kusan shekara biyu ana nema, sai a farkon Afrilu 2011 wasu jirage samfurin REMUS 6000 na cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke Amurka suka iske shi a zurfin mita 3,900.

Amma jirgi maras igiya yana da nasa dabaibayin, shi ne batir. An ga haka ƙarara a shekarar 2014, lokacin da ake neman jirgin saman Malesiya mai lamba MH370, wanda ya ɓace ran 8 ga Maris da mutum 239. An kawo wani ɗan jirgi mai suna Bluefin-21, ana sake shi daga jirgin ruwan Ostareliya mai suna Ocean Shield a kudancin Tekun Indiya. Tsarin aikinsa na kowace rana shi ne awa 2 na gangarawa, awa 16 na bincike, awa 2 na hawowa, sa'an nan awa 4 a kan jirgi ana kwashe bayanan da ya tara, ana shirya shi don komawa. Watau sulusin kowace rana a zirga-zirga da jira yake ƙarewa. Ban da wannan, dole babban jirgi da ma'aikatansa su tsaya a sama suna gadi, kuɗin hayarsa kuwa dubban daloli ne masu yawa a kowace rana, in kuma teku ta yi fushi sai a dakata har ta lafa. Da a ce ɗan jirgi irin wannan yana da zango a ƙasan teku inda zai ya da zango ya cika batir, ya sauke labari, ya sake fita, da an huta da yawancin wannan wahala.

Abin Da Ya Hana A Sa Fulogi

Tambayar da za ta fara zuwa ita ce, me ya hana a kafa soket a can ƙasa, jirgin ya zo ya cusa fulogi kamar yadda ake yi a ɗaki? Lalle akwai irin waɗannan fulogai na musamman da ake iya haɗawa a cikin ruwa, kuma kamfanonin mai sun daɗe suna aiki da su. Amma suna da tsada, kuma suna da laulayi. Ruwan gishiri maƙiyin ƙarfe ne, in kuwa wuta tana bin ƙarfen sai cin ya ƙara sauri. Robobin da ke hana ruwa shiga sukan gaji bayan an cusa an zare sau da yawa. Laka da yashi sukan shiga ramukan. Bugu da ƙari, dole tsinken fulogin ya daidaita da raminsa daram, a tura shi da ƙarfi, alhali jirgin yana lilo a cikin ruwa mai gudu, cikin duhu, ba hannun mutum a kusa. In tsinke ɗaya ya lanƙwashe a zurfin mita dubu, gyaransa sai an taso da jirgin ruwa takanas. Don haka ne masana suka koma wa wata tsohuwar dabara wadda ta kusa shekara ɗari biyu.

Daga Faraday Zuwa Buroshin Haƙori

A watan Agusta 1831, a birnin London, Michael Faraday, ɗan wani maƙeri wanda ya fara rayuwarsa da koyon ɗinkin littattafai, ya ɗauki zoben baƙin ƙarfe ya naɗa masa waya a wannan gefe, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ba tare da wayoyin biyu sun taɓa juna ba. Sai ya lura duk lokacin da ya kunna wuta a naɗi na farko, ko ya kashe ta, wuta takan motsa a naɗi na biyu. Dalili shi ne wutar da ke bin waya takan haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, in kuma wannan ƙarfi yana sauyawa, yakan tayar da wuta a duk wayar da ya ratsa. Kowace taransifoma da ke bakin titi a kan wannan ƙa'ida take aiki. Haka kuma buroshin haƙori mai batir da ake ɗorawa a kan mazauninsa a banɗaki, da wayar hannu da ake kwantarwa a kan ɗan faifai ta ɗauki caji.

Wanda ya so ya kai abin nesa shi ne Nikola Tesla. A shekarar 1901 ya fara gina wata hasumiya mai tsawon mita 57 a Wardenclyffe, a tsibirin Long Island kusa da New York, da kuɗin attajirin nan J. P. Morgan, yana fatan aika saƙo, daga baya har da wuta, zuwa ko'ina a duniya ba waya. Kuɗi suka ƙare, aikin ya tsaya, aka rushe hasumiyar a 1917. Sai a 2007 wasu masana na jami'ar MIT ta Amurka, a ƙarƙashin Marin Soljačić, suka kunna ƙwan lantarki mai wat 60 daga nisan mita 2, inda wajen kashi 40 cikin 100 na wutar ya isa. Sirrinsu shi ne sun daidaita naɗin wayar biyu suna kaɗawa a kan amo ɗaya. Makaɗan molo sun san wannan: in an ɗaure tsarkiya biyu a kan murya guda, aka kaɗa ɗaya, sai ɗayar ta amsa da kanta ko ba a taɓa ta ba. Wannan nasara a cikin iska aka same ta. Da aka gangara teku sai aka tarar da wani sabon shinge.

Gishiri Ne Ɓarawon

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kuma wannan gishiri ne ya sa ruwan teku yake ɗaukar wuta fiye da ruwan kogi sau ɗari ko fiye. Ko a jikin kifaye ana ganin bambancin. Masu wuta na ruwan daɗi, irin su minjirya, suna bukatar volt mai yawa don su tura wutarsu ta ratsa ruwa, amma 'yan'uwansu na teku ba su bukatar volt mai yawa haka, tun da ruwan da kansa hanya ce buɗaɗɗiya.

Wannan sauƙin ɗaukar wuta shi ne matsalar injiniya. Ƙarfin maganaɗisun da ya fito daga naɗi na farko ba ya tantance waya da ruwa. Yadda yake tayar da wuta a naɗi na biyu, haka yake tayar da ƙananan wutace masu kewaya a cikin ruwan gishirin da ke tsakani da kewaye, su kuwa ba su da wani amfani sai ɗumama ruwa. Daɗin daɗawa, gwargwadon saurin kaɗawar wutar, gwargwadon yawan abin da ruwan zai sace. Shi ya sa rediyo da wayar hannu ba su aiki a ƙarƙashin teku. Sojojin ruwan Amurka, in za su aika saƙo ga jiragen yaƙinsu da ke nutse, sai sun yi amfani da manyan tashoshi irin ta Cutler a jihar Maine, mai kaɗawa sau 24,000 kawai a daƙiƙa, kuma duk da girmanta saƙon ba ya wuce 'yan mitoci goma ko ashirin a cikin ruwa. Na'urar MIT ta 2007 kuwa kusan sau miliyan 10 take kaɗawa a daƙiƙa, abin da ruwan gishiri zai lashe nan take.

Injiniya ya shiga tsaka mai wuya ke nan. In ya rage saurin kaɗawa ƙwarai, sai naɗin wayar ya zama ƙato mai nauyi, wanda ƙaramin jirgi ba zai iya ɗauka ba. In ya ƙara saurin, ruwa ya cinye wutar. Maslahar da aka samu ita ce a tsaya a tsakiya, daga dubu goma-goma zuwa wajen sau dubu ɗari biyu a daƙiƙa, sa'an nan a matso da naɗin biyu kusa da juna iyakar iyawa, don ruwan da ke tsakaninsu ya zama kaɗan. Akan naɗe wayar jan ƙarfe kamar gammo, a sa mata wani irin baƙin dutse na ƙira mai tattara ƙarfin maganaɗisu a bayanta, a zuba mata roba mai daskarewa ta rufe ta ruf. Gammo ɗaya yana jikin jirgi, ɗaya yana jikin zango. In tazarar 'yan santimita ce, gwaje-gwaje sun nuna kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wutar yana iya tsallakewa. In tazarar ta buɗe, ko gammon ya goce, sai lissafin ya faɗi da sauri.

Nan ne amfanin abin ya fito fili. Ba sauran ƙarfe tsirara da gishiri zai ci. Ba sauran tsinke da zai lanƙwashe, ba rami da laka za ta toshe, ba tartsatsi. Jirgin ba ya bukatar saiti daram, ya isa ya zauna kusa. Ta wannan 'yar tazara kuma ake miƙa bayanai da hotuna, a karɓi sabon umarni. Har sanyin ruwan ma yana taimakawa wajen kwashe zafin na'urar. Amma kada a ɗauka waya ta ɓace gaba ɗaya. Shi zangon kansa da waya ake kai masa wuta, daga dandamalin haƙar mai ko daga gaɓar teku. Taku na ƙarshe ne kawai aka raba da waya, sai dai shi ne takun da ya fi kowanne lalacewa.

Zango A Ƙasan Teku

Ƙasar Norway ce ta fi matsa ƙaimi a wannan fanni, domin arzikinta na mai da gas yana cikin teku mai sanyi da yawan hadari. Kamfanin man ƙasar, Equinor, wanda aka sani da Statoil kafin 2018, ya tsara wani zango na ƙasan teku da nufin jiragen kamfanoni dabam-dabam su iya sauka a kansa, kamar yadda kowace mota take shan mai a gidan mai guda. Kamfanin Blue Logic na ƙasar ya ƙera mahaɗai marasa tsinke masu ba da wuta har kilowat 2. A shekarar 2019 aka gwada wani jirgi mai suna Sabertooth na kamfanin Saab a tafkin Vättern na ƙasar Suwidin, ya nemo zangon da kansa, ya sauka, ya ɗauki wuta ba waya. A shekarar ne kuma Equinor ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Saipem na Italiya a kan wani jirgi mai suna Hydrone-R, wanda ya fara aiki a filin mai na Njord a 2023, a zurfin mita 330. Yana da masaukinsa a ƙasan teku, kuma ya yi watanni a can bai leƙo sama ba.

Sauran aiki bai ƙare ba. Dole jirgin ya gano zangonsa cikin duhu, da farko ta bin sauti, in ya matso kuma ta fitilu da kyamara, wasu zangunan ma an yi musu baki kamar mazurari don su karkato da shi hanya. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sukan manne a fuskar gammon, musamman inda ruwa yake da ɗumi, su ƙara tazara. Kowane kamfani kuma yana son a bi ƙirarsa, alhali in ba a yi ittifaƙi a kan ƙira ɗaya ba, zangon wannan ba zai karɓi jirgin wancan ba.

Ga ƙananan na'urorin awo waɗanda ba su cin wuta da yawa, ana gwada wata hanyar, watau sauti. Sauti yana gudun mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kuma gishiri bai dame shi ba. Akwai wasu duwatsu na ƙira waɗanda in sauti ya girgiza su sukan ba da 'yar wuta. Da irinsu ne masanan MIT, a ƙarƙashin Fadel Adib, suka nuna wata kyamarar ƙarƙashin ruwa maras batir a 2022, wadda take tara ƙarfinta daga sauti, ta ɗauki hoto, ta aiko da shi. Wutar da ake samu ta wannan hanya ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta isa tuƙa jirgi ba. Ta nan ma dai ƙa'idar ba ta sake ba: wanda yake son nisa sai ya haƙura da ƙarfi, wanda yake son ƙarfi sai ya matso kusa.

Ina Ruwan Nijeriya?

Ruwanta da tsaki, domin wani babban kaso na man da ƙasar nan take sayarwa daga zurfin teku yake fitowa. Filin Bonga, wanda ya fara ba da mai a watan Nuwamba 2005, yana da nisan kilomita 120 daga gaɓa, a ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. Filin Egina, wanda ya fara a Disamba 2018, zurfinsa ya kai mita 1,400 zuwa 1,700. A can ƙasa akwai bakunan rijiyoyi, da famfuna, da bututu masu tsawon kilomitoci, waɗanda ba wani mai nutso da zai taɓa isa gare su. Idon da ke ganinsu kawai shi ne na na'ura. A watan Disamba 2011, ganga wajen 40,000 ta ɗanyen mai ta malale a Bonga lokacin da ake ɗura wa wani jirgin dako, masuntan gaɓar Neja Delta kuwa suka koka a kan abin da ya sami sana'arsu. Darasin da ke ciki shi ne abin da ya ɓaci a tsakiyar teku ba ya tsayawa can. Na'urar da ke zaune a wurin dare da rana, tana zagaya bututu kowane mako, ta fi wadda ake kawowa sa'i sa'i saurin ganin tsaga tun tana ƙarama. Rigakafi ya fi magani.

Abin tambaya shi ne su wa za su ƙera waɗannan na'urori, su kafa su, su gyara su in sun iso ruwan Nijeriya. Akwai dokar da aka kafa a 2010 wadda ta wajabta ba 'yan ƙasa fifiko a ayyukan mai da gas, amma doka ba ta naɗa waya. Akwai Cibiyar Horon Ma'aikatan Mai da ke Effurun, da Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas, da sassan koyon aikin lantarki a jami'o'in Zariya, Kano, Nsukka, Ife da sauransu. Tushen wannan ilmi bai fi ƙarfin ɗalibi ba. Da wayar jan ƙarfe, da bahon ruwa, da mudun gishiri, da ma'aunin wuta, zai iya gani da idonsa yadda gishiri yake satar wuta, da yadda matso da gammo yake dawo da ita. Madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro, waɗanda bangonsu da ƙofofinsu na ƙarƙashin ruwa suke bukatar dubawa, fili ne na gwaji mai sauƙi, tun da ruwan daɗi ba ya sata kamar na teku.

Tesla ya so ya haskaka duniya daga hasumiya guda, bai samu ba. Waɗanda suka zo bayansa sun karɓi sharaɗin teku, suka rage buri zuwa faɗin yatsu uku, da haka suka sami na'urar da ke kwana a ƙasan ruwa wata da watanni tana tsaron dukiya da rayuka. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ƙasar da abincinta yake kwance a zurfin mita dubu, ya kamata a ce 'ya'yanta ne suka fi kowa sanin yadda ake kai wuta can. Allah ya ƙara wa matasan ƙasar nan himma da basira, amin.